Yadda Rigar Auta Ta Zagaye Layinmu

Ina da jika, ɗan 'yata ta fari, wanda duk layinmu ba mai kiransa da sunan yanka. Na-iya ake ce masa. Tun yana ƙarami in ka ce rediyo ta lalace, kafin ka rufe baki ya ce "na iya". In ka ce famfo na yoyo, "na iya". Rediyon nan har yau tana ƙarƙashin gadona cikin leda, hanjinta daban, gangar jikinta daban. Famfon kuwa a da ɗigo kawai yake yi, da ya gama da shi sai da muka yi wanka a tsakar gida ba shiri. Yanzu ya tsayar da gemu, ya isa ajiye iyali, amma bakin nan nasa yana nan yadda yake. Ina sonsa kamar raina, ni na goya shi bayan uwarsa ta rasu, amma in na gan shi da abu mai kaifi a hannu gabana faɗuwa yake yi.

To, rannan ina zaune ina tsintar shinkafa sai na ji ƙarar ƙarfe a ɗakin ƙofar gida. Na leƙa, sai ga shi da wasu ƙarti sun kinkimo keken ɗinki irin na ƙafa, tsoho tukuf. Wai abokinsa ne zai tashi daga gidan haya ya rasa inda zai kai shi.

"Amarya," ya ce, don haka yake kirana, ni kuma in ce masa Maigida, "zo ki ga arziki ya shigo miki har gida."

"Wannan keken ai ya girme ni."

"Tsofaffi su ne masu ƙarko. Dube ki."

"Wa zai hau shi?"

Ya buga ƙirji har sai da ya yi tari. "Na daɗe ina kallon yadda ake yi a waya. Kuma ki sani ni ba tela ba ne. Tela ai kowa ma tela ne. Ni likitan tufafi ne. Duk rigar da ta suma a ƙasan akwati ni zan farfaɗo da ita. Mai faɗi in tsuke, matsattsiya in buɗa, mai huji in toshe. Kuma ba sayen yadi. Kowace riga da kike gani tana da rara a jikinta, mutane ne ba su da ido."

"Ka taɓa sa zare a allura?"

"Haba Amarya, wannan ai aikin yara ne."

Ya lashi zare, ya runtse ido ɗaya, ya ciji harshe, ya soka ta hagu, ya soka ta dama. Ni da idona ya fara hazo, ni na sa masa.

Washegari ya bi layi gida-gida yana shelar cewa makon farko gyara kyauta ne, don a ga hannunsa. Mutanen layinmu kuwa, Allah ya shirye su, in suka ji kyauta ko mura ce sai sun zo da kwano. Kafin azahar ɗakin ya cika da tsummokara har bakin taga. Mai aski ya kawo farar rigarsa ta aiki, maɓallanta sun zube. Direba, maƙwabcinmu na dama, ya kawo wata kwat da gwiwar hannunta ta cinye. Maman 'Yan-biyu ta kawo riga mai yagaggen wuya da mataccen zif. Mai shago, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ko'ina, ya kawo wani wando da ya ce ya ƙanƙance a akwati.

"Wando ba ya ƙanƙancewa a akwati," na ce masa. "Kai ne ka buɗe a shago."

"Kaka, ke dai ba kya ƙyale mutum."

Ana cikin haka sai maganar Auta ta taso. Auta ƙanwar Na-iya ce, ita ma a hannuna ta girma. Ta gama karatu ta daɗe a zaune, ta kai takardunta ko'ina ba amsa. Sai ga wata makarantar yara ta kira ta, ta zo ranar Litinin a gan ta, a yi mata tambayoyi, in ta dace a ɗauke ta koyarwa. Yarinyar nan ta zazzage akwatinta a kan gado, babu abin da za a shiga gaban mutane da shi, duk sun koɗe sun yi laushi. Ta zauna ta yi tagumi.

Na tashi na buɗe nawa akwatin, can ƙasa na ciro rigar uwarsu. Doguwar riga ce koriya shar, mai ƙananan fararen furanni, yadi mai nauyi irin wanda ba a yi yanzu. Marigayiya ba ta ma more ta ba. Auta ta rungume ta tana shinshina, ni kuma na juya na yi kamar ina neman wani abu a bayan ƙofa. Da ta saka, tsawo daidai, hannu daidai, amma faɗin mutum biyu za su shiga su bar wa baƙo wuri. Uwarsu mace ce mai jiki, Auta kuwa tsinken tsintsiya.

Ta kai wa telan bakin titi, ya ce aiki ya yi masa yawa, sai bayan Litinin. Tana dawowa Na-iya ya tare ta a ƙofa.

"Ga likita a gida, kin kwashi rigar Mama kin kai wa bare?"

"Yaya, ka tuna rediyon Kaka?"

"Rediyo ƙarfe ce. Wannan yadi ne, yadi ba ya shokin."

"Famfo fa?"

"Famfon nan dama da ciwonsa ya zo duniya."

Lokaci ya ƙure, babu wani telan a kusa, ni kuma hannuna rawa yake yi in ɗinki ya yi tsawo. Na ɗauki alli na ja layi a gefen nan, na ja a gefen can.

"Maigida, ka ga layin nan? Ta nan za ka bi, ka dawo ta nan. Ko da faɗin farce ka wuce, aurenmu ya mutu."

"Ina za ki samu kamata, Amarya?"

Abin mamaki, ya yi. Ɗinkin ya ɗan karkace kamar tafiyar mai jin barci, amma da Auta ta gwada, rigar ta zauna mata. Ya yanke rarar gefe da gefe, dogayen ƙyallaye guda biyu, ya ɗaga su sama yana kaɗawa.

"Me na faɗa miki? Rara!"

"To miƙo rigar in adana."

"Saura guga. Likita ba ya sallamar mara lafiya sai ya tabbatar."

Ya koma ɗaki da ita ya rufe ƙofa, wai asirin sana'a. Abin da ya faru a bayan ƙofar nan daga baya ya faɗa mini da bakinsa, kansa a ƙasa.

Da farko ya ɗora dutsen guga a kan farar rigar Mai aski, ya tsaya amsa waya yana ba wani labarin sabuwar sana'arsa. Kafin ya juyo, aljihun gaba ya zama gawayi. Ya duba hagu ya duba dama, idonsa ya faɗa kan rarar rigar Auta. Ya yanka ya yi sabon aljihu, kore mai furanni, a ƙirjin farar riga.

Mai aski ya zo karɓa ya tsaya sororo. "Ni maɓalli na kawo a sa mini."

"Maɓalli kowa ya iya. Wannan shi ake yayi yanzu. Aljihu daban, riga daban. Je ka gani."

Kuma wallahi abin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Duk wanda ya zauna aski sai ya tambayi inda aka yi aljihun nan. Mai aski kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Kafin yamma maganar koren Na-iya ta gama layi. Ni ma na gani da ya shigo gaishe ni, na kira ɗan nan.

"Wannan ba yadin rigar uwarku ba ne?"

"Rarar ce, Amarya. Wadda kika ga na yanke. Da shara za ta tafi."

Na ƙyale shi, don gaskiya rara ce.

To, sai Direba ya zo ya ce shi ma koren nan yake so a gwiwar hannun kwat ɗinsa. Na-iya ya ce an gama, ya yi masa. Rarar ta ƙare a nan. Sai Maman 'Yan-biyu ta zo ta ce in ba a yi mata wuyan riga da koren nan ba, to an nuna mata bambanci, ita da take aiko wa Kaka da abinci in ta yi baƙi. Mutum mai hankali sai ya ce yadi ya ƙare. Jikana bai san inda ake sayar da kalmar nan ba. Ya ce, "Akwai shi jibge." Tana fita ya dubi ƙasan rigar Auta, ya ce a ransa ai ta yi tsawo da yawa, kada yarinya ta taka ta faɗi a gaban masu ba da aiki. Ya zabtare taki guda.

Sai wandon Mai shago. Ya farke bayansa don ya buɗa, ya tarar babu ko ɗigon rara a ciki, an riga an buɗa shi tun da daɗewa. Ga wando a wage, ga mai wando yana aike a duba ko an gama. Ya dubi gadon bayan rigar Auta, ya ce ai mayafi zai rufe. Ya yanko ƙaton yanki mai kusurwa uku ya cusa a mazaunin wando.

Daga nan sai abin ya zama kamar mai cin gyaɗa, hannu ya ƙi tsayawa. Wannan ta kawo ɗankwali a yi masa baki, wancan ya kawo hula a yi mata ado. Kowa koren nan. Shi kuma kowa "na iya".

Ni kuwa a cikin gida na fara lura da wani abu. Labulen ƙofar ɗakina, ja ne mai zanen manyan kifaye, da yana sharar ƙasa. Rannan na ga yana taɓa idon sawu. Washegari na ga ana hango gwiwar mai wucewa.

"Maigida, me ya samu labulena?"

"Wanki ne. Yadin da ya tsufa haka yake yi, yana ja da baya."

"Ban wanke shi ba."

"To iska ce."

"Kifayen fa? Da guda nawa nake gani a ƙasa, yanzu babu."

"Amarya, idon nan naki sai mun je an duba shi."

Auta kullum sai ta buga masa ƙofa. "Yaya, rigata." Ya amsa daga ciki, "Tana hutawa! Ranar Lahadi za ki gani, ke da duk layi." Don ya riga ya sanar da cewa ranar Lahadi da la'asar zai yi baje-koli a ƙofar gida, kowa ya zo sanye da abin da aka gyara masa, a ƙarshe kuma a fito da babbar riga.

Lahadi ta zo. Ya aro bencuna, ya jera, ya share ƙofar gida da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Mata suka leƙo ta tagogi, maza suka tsaya a gindin katanga. Har telan bakin titi ya rufe shagonsa ya zo ya samu wuri a gaba, ya harɗe ƙafa, fuskarsa kamar wanda aka yi wa alkawarin nama. Na-iya ya fito da farar riga, ya ɗaura wani koren abu a wuya irin na ma'aikatan ofis, yana riƙe da mazurari a baki wai lasifika.

"Jama'a, ga na farko! Mai aski!"

Mai aski ya fito yana tafiyar ƙasaita, aka tafa masa. Wani ya ce ya sa kum ɗinsa na taje gashi a aljihun a gani. Ya cusa kum, kum ya zarce ya faɗo ta ƙasa. Ba a ɗinke gindin aljihun ba.

"Don kada gashi ya taru a ciki," in ji Na-iya ta mazurari. "Na gaba! Direba!"

Direba ya fito da kwat a rataye a kafaɗa ɗaya.

"Saka mana!" aka yi masa ihu.

"Ya ce haka ake ratayawa yanzu."

"Saka!"

Ya zura hannun dama, hannu ya tafi ya tsaya cak a gwiwa. Ya zura na hagu, shi ma haka. Ɗan nan da zai yi faci ya haɗe gaba da baya ya ɗinke hannun gaba ɗaya. Direba ya tsaya da hannaye a maƙale kamar kaza za ta tashi.

"Na-iya, da me zan riƙe sitiyari?"

"Wannan ta zuwa taro ce, ba ta tuƙi ba."

"A taron da me zan gaisa?"

Maman 'Yan-biyu ba ta jira an kira ta ba. Ta taso da mayafi a kafaɗa, ga koren wuya kuwa ya yi mata kyau, amma bayanta duk fil ne a jere.

"Kai likita, zo nan. Zif ɗin nan da ka sa mini, ina hannunsa?"

"Yana ciki, Mama."

"A ciki! Ta ciki ka sa abin ja! Wa zai shiga cikin rigar tare da ni ya ja mini? Kai?"

"Don kada yara su buɗe miki a kasuwa."

"Yarana sun fi ka hankali, su da ko haƙori ba su gama ba!"

Tela ya riga ya zame daga kan benci yana riƙe da ciki. Na-iya ya ɗaga mazurari ya ce masu hassada ba sa rasa abin faɗa, ya kira Mai shago. Mai shago ya fito yana murmushi, shi dai wando ya shige shi, bai kuma san abin da ke bayansa ba, don doguwar taguwa ta rufe. Ya ce a gaban kowa shi ba shi da ƙorafi, wannan yaro gwani ne. Yana cikin yabon ne makullin shagonsa ya faɗi. Ya sunkuya.

Taguwa ta ɗage. Sai ga lambun furanni ya buɗe a mazaunin bawan Allah, kore shar, kusurwa uku, yana kallon jama'a. Kafin a gama ihun wannan sai muka ji ɓarrr, ɗinkin gefe ɗaya ya tafi. Ya miƙe da sauri ya manna bayansa da katanga, ya ƙi motsi.

Ni dariyata a nan ta tsaya. Yankin nan ya fi ƙarfin rara. Na dubi wuyan Maman 'Yan-biyu, na dubi huluna, na dubi ɗankwalaye. Ko'ina na juya fararen furannin 'yata nake gani. A daidai lokacin na ji muryar Auta daga cikin gida.

"Kakaaa!"

Na shiga na same ta a tsakar ɗaki cikin rigar. Jama'a, abin da na gani. Gaban rigar yana nan. Daga gwiwa zuwa ƙasa jan labulena ne. Hannun dama yana nan, na hagu babu, sai wani ɗan guntu kamar kunnen akuya. Da ta juya, ga ƙaton kifi a gadon bayanta, baki a buɗe, ido ɗaya yana kallona.

"Kaka, gobe ne," ta ce. Hawaye suka zubo mata.

"Cire. Share idonki. Ba wanda ya mutu."

Na rataya rigar a sandar tsintsiya, na ɗauki sabuwar reza, na fita. Ina fitowa Na-iya ya ɗaga mazurari, don shi har lokacin bai san ruwa ya ƙare masa ba.

"Jama'a, ga babbar riga! Wannan salon sunansa ruwa da tudu. Gaba lambu, baya kogi!"

"Baya labulen Kaka dai!" in ji Maman 'Yan-biyu. "Ni na raka ta sayen shi!"

Layi ya kaure da dariya. Na bari sai da suka lafa, sannan na je gabansa.

"Maigida, ina hannun hagu?"

"Amarya, hannu ɗaya shi ake..."

"Ina hannun hagu?"

Idonsa ya sauka kan ƙirjinsa. Na kama koren abin da ya ɗaura a wuya na ja shi ƙasa har fuskarsa ta zo daidai tawa. Na yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Rigar uwarka ce. Ita kaɗai ta rage. Gobe ƙanwarka za ta shiga gaban mutane da ita."

Ya ajiye mazurarin a ƙasa, ya kwance abin wuyan da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na zauna a kan benci na ɗora faranti a cinya. "To, duk wanda ke da kore a jikinsa ya shigo layi. Ba mai tafiya gida da furen 'yata."

Suka jeru kuwa kamar masu karɓar allura. Na farke aljihun Mai aski, sai ga ƙunar guga ta fito fili, baƙi ƙirin.

"Au! Ashe ƙona mini riga ka yi, ka ce yayi ne?"

"Yayin ai ya karɓe ka," in ji Na-iya a hankali.

"Ka zo aski, zan nuna maka yayi."

Direba ya samu hannayensa, ya yi ta miƙa su yana hamdala. Maman 'Yan-biyu ta shiga ciki ta cire tata ta miƙo ta bayan ragowar labule, tana faɗa ba ta tsaya ba. Masu huluna suka tafi da kai a buɗe. Saura Mai shago, yana nan manne da katanga.

"Kaka, ni in aka cire nawa, da me zan je gida?"

Kafin in amsa Auta ta leƙo, idonta ja amma bakinta ya fara motsin dariya. "Kaka, wannan yankin a bar masa."

"Shi ne na gadon baya, 'yar nan. Shi ya fi girma."

"Na ga inda ya zauna. A bar masa har abada."

Aka ba Mai shago zani ya ɗaura a kan wandon, ya tafi shagonsa a haka, yana tafiya gefe-gefe.

Na juya kan tela, wanda yake share hawayen dariya da hularsa. "Kai kuma, ka ce aiki ya yi maka yawa, amma ka samu lokacin zuwa kallo. Dariyar da ka ci ba kyauta ba ce. Tashi ka buɗe shago."

"Kaka, yau Lahadi."

"Gobe Litinin. Tashi."

Muka ɗunguma bakin titi, ni da Auta da Maman 'Yan-biyu, Na-iya a baya ɗauke da farantin ƙyallaye a ka. Tela ya shimfiɗa su a tebur yana jujjuyawa yana tsaki. Ya ce ba za ta koma yadda take ba, an yi mata yankan mahaukaci. Amma tunda Auta siririya ce, za a iya haɗa ƙasan, a ɗauko guntayen rarar nan da abin da ya saura a toshe baya, a rage hannun dama ya yi daidai da na hagu, duka su tsaya ƙasa da gwiwar hannu kaɗan. Inda ɗinki ya yi yawa sai a bi shi da siririn farin zare ya zama kamar da gangan.

"Dama abin da zan ce ke nan," in ji Na-iya.

Mu huɗu muka juyo muka dube shi. Tela ya miƙa masa tsintsiya.

Sai can cikin dare aka gama. Ba rigar 'yata ba ce kamar yadda na ajiye ta, kuma na ji abin a raina, ba zan ɓoye ba. Amma da Auta ta saka ta tsaya gaban madubin tela ta gyara kafaɗa, sai na ga ta zama tata.

Da safe ta tafi. Na-iya ya goge mata takalmi, na tsaya a kansa har ya gama. Wunin nan sai leƙa hanya yake yi. Bayan azahar sai ga ta, fuskarta a ɗaure, ta wuce mu ta zauna ta sha ruwa a hankali. Ja'irar yarinya, irin yayanta ce a wajen jan rai.

"To?" na ce.

"Sun ce in fara mako mai zuwa."

Na yi guɗa har sai da Maman 'Yan-biyu ta leƙo ta katanga. Na-iya ya ɗaga ƙanwarsa sama ya dire, yana dariya yana share ido da bayan hannu.

"Kuma shugabar makarantar ta kama hannun rigata," in ji Auta. "Ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan haɗin ba. Ta ce wa ya fara fitar da salon, tana da tsofaffin kaya cike da akwati."

Na ga ƙirjin ɗan nan ya fara tasowa kamar burodi a tanda. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

"Kin ba ta lambata?"

"Na ce mata Allah ya yi wa mai salon ritaya jiya da la'asar."

Ya juyo wurina neman ceto. "Amarya, kina ji fa."

"Na ji, Maigida. Ni na sa hannu a takardar."